Rumbun da ke Gindin Gashi

Shekara arba'in da ɗoriya ina jima a Shiyar Majema,
fatar jar akuya ta san hannuna
kamar yadda rijiya ta san guga.
In jiƙa ta a ruwan toka, in shimfiɗa bisa gungume,
in sa kartaji in kankare gashin tas,
in watsar bayan katanga, kaji su tona.
Ban taɓa zaton akwai abin tambaya a cikinsa ba.

Sai fari ya ɓullo mini a bayan hannu,
ɗigo guda, kamar nono ya fallatsa.
Kafin damina biyu ya haye ya nufi gwiwar hannu.
Arzika, da muka tashi muna cin tuwo akushi ɗaya,
ya koma gaishe ni da tafi bisa ƙirji.
Mai fura ta ce in aje kuɗin bisa faifai.
Wasu suka ce kifi na ci na kora da madara,
wasu suka ce albaras ne, sai haƙuri.
Na shafa duk abin shafawa,
na sha duk abin da ke da ɗaci.

Ɗiyata Ige ce ta matsa.
Kabu-kabu biyu, muka ratsa Gawon Nama
har asibitin koyarwa.
Likitar ba ta kai Ige shekaru ba, Luba sunanta.
Ta kama hannuna da nata hannun, haka nan, tsirara.
Na manta rabon da a yi mini haka.
Ta duƙa da gilashi mai ƙara girman abu,
ta daɗe, sannan ta ɗago:
"Baba, gashin nan har yanzu baƙi ne. Mun gode Allah."
Na ce, "Gashi? Wanda nake zubarwa buhu-buhu?"

Ta ce, "A gindin kowane sili akwai ɗan rumbu,
ido ba ya kai gare shi.
Ƙwayoyin halitta ne kwance a ciki,
ba su zama komai ba tukuna. Iri ne.
In ka ƙuje, wasu su fito su yi ɗinki.
Wasu kuwa rini suka gada.
Marinan da ke sama sun ƙare,
na cikin rumbu barci kawai suke yi.
Mu gwada tashinsu."

Da me? Da man shafawa, da akwatin haske.
Na yi dariya har da tari:
a Sakkwato, inda rana ke gasa tafin ƙafa ta cikin takalmi,
a ce haske za ni biya kuɗi in sha?
Ta ce, "Rana hayaniyar kasuwa ce, Baba.
Wannan murya ɗaya ce aka tsamo."

Litinin da Alhamis.
Litinin da Alhamis.
Kuɗin mota ya cinye fatu goma sha.
Sau biyu na yi fushi na daina, Ige ta mayar da ni.

Wata na huɗu, ina alwalar asuba da 'yar fitila,
na ga ɗigo-ɗigo, kowane gashi da nasa,
kamar gero kwana uku bayan ruwan shuka.
Na wanke, bai fita ba.
Na sake wankewa.
Har aka tayar da salla ina tsugune.

Ɗigon ya yi ta faɗi, yana neman ɗan'uwansa.
Yau bayan hannuna kamar zabuwa,
gobe sai abin da Allah ya yi.
Kan yatsu dai fari ne fat, kuma ba ta ɓoye mini ba:
inda babu gashi, rumbu ya yi nisa.

Jiya na ɗora kartaji bisa fata, na tsaya,
har yaron aikina ya tambaya ko lafiya.
Na ce lafiya lau, miƙo bagaruwa.

Ran Juma'a Arzika ya miƙo hannu a ƙofar masallaci.
Na bar shi a miƙe, numfashi ɗaya,
sannan na ba shi nawa,
fararen yatsun ne a gaba.